Dutsen da Ya Faɗo Daga Benenka

Salt,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga yayana Nizar, Abu Zaid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rula da yara, Ya kuma tsare ku daga sanyin Kanada da kake ce mana yana shiga har ɓargo. Mu nan alhamdu lillahi. Umma tana nan da ciwon gwiwarta, wanda bai taɓa hana ta faɗa da mai kayan miya ba, sai dai ya hana ta zuwa gaida mutanen da ba ta so. Maigidana Abu Tamim yana can garin Aƙaba wajen aiki, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Tamim ya yi tsawo har ya fara kallona daga sama. An fara tsinkar zaitun, na bana bai yi yawa ba amma man ya yi kyau. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na rubuta ne don in ɗauki hotonta in turo maka, domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance, sai dai to, to, in Allah Ya so, ni kuma ina fara maganar nan kuka yake cin ƙarfina. Don girman Allah ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

An gaya maka dutse ya faɗo daga bangon gida, amma na san yadda aka gaya maka, an rage masa nauyi don kada hankalinka ya tashi. To ni ina so ya tashi. Da safe ne, lokacin da 'yan makaranta suke gangarowa ta matakalar unguwa da ke bin gindin bangonmu. Ina ɗakin girki na ji wata ƙara, wallahi na ɗauka tukunyar gas ce ta fashe. Na leƙa ta taga, sai ga ƙura, ga farin dutse ya tarwatse a kan matakala, ga kuma Lujain, 'yar autar maƙwabcinmu Abu Kusai, tana tsaye taku biyu kacal daga wurin. Yarinyar da bana aka sa ta makaranta. Ba ta yi kuka ba, ba ta motsa ba, burodinta yana hannunta, jini yana bin ƙafarta yana shiga farar safarta. Ɓarɓashi ne ya yanke ta, an yi mata ɗinki, ta warke. Amma Yaya, dutsen nan ya raba matakala gida biyu. Daga ƙarƙashin tagar benenka ya ɓalle, hawa na uku, wanda Baba, Allah Ya jiƙansa, ya ɗora maka don ka zauna da iyalinka in ka dawo. Ban san yadda na sauka ba, ba takalmi ba mayafi. Tun ranar ko cokali ya faɗi sai gabana ya yanke.

Da yamma Abu Kusai ya shigo. Da ya yi mana ihu, da ya zage mu, wallahi da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya gaida Umma, ya sha shayinsa, ya ce Allah Ya kiyaye kuma ba ya neman komai, maƙwabtaka ta fi ƙarfin ɗinkin ƙafa. Sai da ya miƙe zai fita ya juyo ya ce da Abu Tamim, wanda ya baro aiki ya taho da jin labarin, murya ƙasa-ƙasa, wannan na farko ƙaddara ce, shi shaida ne ba mu sani ba, amma daga yau mun sani. Iyakar abin da ya ce ke nan. Kai ɗan garin nan ne, ba sai na fassara maka ba. Ka san abin da yake biyo bayan jini in an ce da sakaci a ciki, ka san gidajen da aka wayi gari an kulle su masu su sun bar unguwa. Amma ni ba ma wannan ne yake hana ni sukuni ba. In ɗan wani ya mutu a gindin bangonmu, da wace fuska zan sake kallon uwarsa?

Abu Tamim ya hau benenka ya leƙa ta tagogi yana ƙwanƙwasa duwatsun da aka manna a fuskar bangon da guduma. Rabinsu ƙarar ganga suke yi, babu komai a bayansu. Mun juya gutsuren wanda ya faɗo, ko ƙugiyar ƙarfe ɗaya babu, siminti ne aka ɗan shafa kamar ana shafa man shanu a burodin marowaci. Mutumin da ya yi aikin tun zamanin Baba ba a ma san inda yake ba. Hawa biyun ƙasa lafiyarsu ƙalau, ginin da ne. Naka ne dole a kware masa dutsen gaba ɗaya a sake, kuma kafin ruwan farko, domin in ruwa ya shiga bayansu sanyi ya daskarar da shi, sai dai mu yi ta salati. Mun tare matakalar da igiya da gangunan ruwa, amma ka san yara, ɗaya hanyar tana da zagaye, sai su sunkuya ta ƙarƙashin igiya suna dariya. Yanzu kullum safe da tashin makaranta ina tsaye a kan matakala da sandar goge-goge ina korar 'ya'yan mutane. Sun raɗa mini suna 'yar sandar matakala, wani mara kunya har sara mini yake yi. Ni ma ina dariya a fuska, amma idona yana kan bangon.

Sai neman wanda zai yi aikin. Kai, Yaya, ban san 'yan kwangila sun yi yawa haka a ƙasar nan ba sai da dutsenmu ya faɗo. Kowa ya zo da wayarsa yana nuna mini hotunan manyan gidajen Amman, farare tas, wai aikinsa ne. Na ce da ɗaya daga ciki, bawan Allah, sabon bango ai kowanne kyakkyawa ne, namu ma ranar da aka gama shi har rago aka yanka. Ka nuna mini wanda ya ga hunturu ya sake gani. Sai ya fara duba agogo. Daga nan na daina tambayar maza, domin namiji ba ya yarda a ce an cuce shi, ko ruwa yana zuba a kansa zai ce maka aikin ya yi kyau. Na koma bin mata. Duk gidan da na ji an taru shan gahawar safe sai in ɗauki farantin kayan zaƙi na kunafa in tafi, in zauna a sha gulma a ƙoshi, sannan in jefa tambayata. Mata su ne suke goge danshi a bango, su ne suke share abin da ya ruguzo, ba abin da yake ɓoye musu.

A nan ne na ji abin da ban so ji ba game da Haisam ɗan Baffa. Ka san ni da Haisam tare muka tashi, shi ya koya mini hawan keke, kuma har gobe in ya shigo gida sai ya sumbaci kan Umma kafin ya zauna. Ba ƙiyayya ce ta sa nake rubuta wannan ba. Wata mata a can ƙasan gari, Ummu Rami, sai da ta rufe ƙofa ta sa na rantse sannan ta ce bara dutsen da Haisam ya liƙa musu ya faɗo a kan motar baƙonsu, ya huda rufinta daidai inda ake zaunar da jariri, Allah Ya sa ba kowa ciki. Na ce to me ya sa ba mu ji ba? Ta ce haba 'yar nan, kamar ba a garin nan aka haife ki ba, manya suka zo, aka sha gahawa, aka gyara mota, aka binne magana. Wata kuma ta ja ni bayan gidanta ta nuna mini duwatsu sun turo ciki kamar haƙoran tsohuwa. Siririn dutse yake saye ya manna da siminti, ya gama cikin ɗan lokaci, ya wanke bango ya yi ƙyalli, sannan ya cika ka da daɗin baki har ka ji kunyar dubawa.

Sunan da ya yi ta fitowa a ɗaya gefen kuwa shi ne na wani Abu Ilyas, mutumin garin Fuhais. Ban ji mace ɗaya da ta yabi halinsa ba. Wai jinkiri gare shi kamar kunkuru, wai baƙar magana, wai ya taɓa korar mai gida daga gindin bangonsa, wai ya sa wata kuka don ta ce a sauya launi. Ina barin su su gama zaginsa sai in ce, to dutsen fa? Sai su ce a'a, dutse kam yana nan inda ya sa shi. Na je da ƙafata na ga gidajen, wasu tun kafin a haifi Tamim. Da na kira shi ya zo, ko sallamar kirki bai yi ba, ya ɗaga kai ya ce wanda ya yi wannan aikin a nemo shi a yi masa dukan takalmi. Ya ce shi ba ya taɓa dutse ko ɗaya sai ya fara yi wa matakalar rumfar katako mai kauri, kuma kowane dutse sai ya huda shi ya ɗaure da ƙarfe a jikin gini, in ban yarda ba in ɗaure zanena in hau in gani. Na ce zan hau kuwa. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce da alama. Ba na ce maka na amince masa ɗari bisa ɗari ba, ni yanzu ba ni da sauran zuciyar amince wa kowa. Amma shi kaɗai ne ya fara tambayar yara nawa suke bin hanyar kafin ya tambayi komai.

Ina shirin kiranka ke nan sai na ji wai ka riga ka ce wa Baffa a waya duk yadda ya gani ya yi, Haisam ai ɗan gida ne. Innalillahi! Yaya, na san ka, Baffa yana ambaton Baba sai jikinka ya mutu. To shekaranjiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Baffa da dattawa uku na dangi, da Haisam a bayansu cikin sabuwar riga. Aka shimfiɗa musu a ɗakin baƙi, Abu Tamim ya ɗauko butar gahawa ya zuba wa Baffa. Baffa ya karɓi finjalin ya ajiye a gabansa bai kai baki ba. Ina bayan ƙofa ina leƙe, ina ganin haka na gane abin da ya kawo su, domin ka san finjalin da aka ajiye ba ya ɗaguwa sai an ce wa mai shi ya sha, buƙatarsa ta biya. Ya ce ya ji ana kai-kawo da wani baƙo a gidan ɗan'uwansa. Ya ce in gidan Abu Nizar, wato gidan Baba, ya tsallake Haisam ya ɗauko bare, gobe wa zai sake ba yaron nan aiki a Salt, ai cewa za a yi danginsa ma sun guje shi. Ya ce mai benen ya riga ya ba da kalmarsa daga Kanada, shi dai ya zo ne a tabbatar masa a gaban manya. Abu Tamim sai zufa yake yi da buta a hannu, shi suruki ne, ba shi da ta cewa a gidan nan, kuma barin baƙo ya tashi bai sha gahawarsa ba abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki.

Na riga na kwashe duk abin da na jiyo na gaya wa Umma tun kafin ranar, ta ci gaba da jan carbinta, har na fid da rai na ce kunyar dangin mijinta za ta hana ta sa baki. Sai kawai na ji ƙarar sandarta a bayana. Ta ture ni gefe ta shiga ɗakin maza, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Dattawan suka yi ta gyara zama. Ta gaida kowa da sunansa, sannan ta ce da Baffa, Abu Haisam, gahawarka ba za ta huce a gidan ɗan'uwanka ba, Haisam ɗana ne, aiki nasa ne. Na ji kamar in kurma ihu. Sai ta ce sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba sabon abu ba ne, abin da iyayenmu suke yi ne a kowace magana mai nauyi. Tana son kafili, wanda zai tsaya wa aikin a gaban dattawan nan. Ta ce Baffa ya faɗa da bakinsa cewa in dutse ɗaya ya sake faɗowa daga bangon nan, jinin yana wuyansa, shi zai fuskanci Abu Kusai da danginsa, gidansa ne za a kulle ba na marayun ɗan'uwansa ba. Ta ce wa ya fi uba sanin hannun ɗansa? Ka faɗa ka sha gahawarka.

Yaya, kowa ya zuba wa Baffa ido. Haisam ya yi murmushi ya ce wannan ai mai sauƙi ne, Baba gaya mata mana. Baffa ya kalli finjali, ya kalli ɗansa, ya sake kallon finjali. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya ya ce Abu Haisam, Hajiya tana jiranka. Sai Baffa ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce kansa yana juyawa, a bar maganar tukuna. Ya fita ya bar gahawar a ƙasa. Haisam fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, 'yar Baffa, na san ke kika kitsa wannan, amma bene ba naki ba ne, na Nizar ne, kuma Nizar ya ba ni kalmarsa, ranar Asabar ta mako mai zuwa zan kawo ƙarafan hawa in fara. Kuma gaskiyarsa ce, in dai kalmarka tana nan, ba ni da ikon tare shi.

Jiya bayan la'asar ina jajjaga kayan miya sai na ji ana taɓa ƙofar baya. Baffa ne, shi kaɗai, ba rawani a kansa sai 'yar hula. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai jiya. Na kawo masa kujera a nan ɗakin girki, ya ce kada in tashi Umma. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya tambaye ni ko na lura ya daina zama a ƙofar gidansa. Na ce kowa ya lura, ai har tsokanarsa muke yi, shi da ya ce rana ce take damun idonsa. Ya ce ba rana ba ce. Shekara biyu ke nan da Haisam ya sake wa gidan nasa dutsen fuska, kyauta, don ya faranta masa, aka yi ta zuwa kallo. Hunturun farko ya tsinci gutsure a kan tabarmarsa, ya saka a aljihu bai gaya wa kowa ba. Daga ranar ya kulle ƙofar gaba ya ce makullin ya lalace, kowa ya koma bin ta baya. Ya ce jikokinsa, 'ya'yan Haisam ɗin kansa, in suka zo suka nufi gindin bangon da ƙwallonsu, sai ya daka musu tsawa su koma ciki, har suna ce masa kaka mai faɗa. Ya ce Suhaila, ni na haife shi, na kasa buɗe baki in gaya masa, kuma na zo gidan ɗan'uwana ina neman in ɗora muku abin da ni kaina nake gudu. Hawaye yana bin gemunsa. Ya ce ku ba baƙon nan aikin, amma don Allah kada a ce daga bakina ya fito. Ki ce wa Nizar ya janye kalmarsa, ya ce shi ya sake shawara, zan yi fushin ƙarya a gaban mutane in haƙura.

To ka ji, Yaya. Abin da nake roƙonka ke nan, kuma ban taɓa roƙonka abu mai nauyinsa ba. Ka kira Haisam da kanka, yau ba gobe ba, ka ce masa ka janye. Kada ka ambaci Baffa, kada ka ambaci Ummu Rami. Zai ji haushinka, zai ce ka zama Bature ka manta dangi, wataƙila ya yi shekaru bai ɗauki wayarka ba, kuma mata za su yi da kai a wajen gahawar safe. Ka ɗauka. Kai kana bayan teku, mu ne a ƙarƙashin bangon. Kuma in ka gama da shi ka kira Abu Ilyas, zan turo maka lambarsa, kada baƙar maganarsa ta dame ka, haka yake yi wa kowa. In ka ji nauyin Haisam ya kama harshenka, ka tuna uban da ya haife shi bai iya ɗaga finjalin nan ba.

Umma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ba ta ga hoton Tala da sabon gilashinta ba har yanzu. Ka gaida Rula da kyau, ka sumbaci Zaid da Tala a madadina. Abu Tamim da Tamim suna gaisuwa, haka ma Gwaggo Fadwa da mutanen gidanta. Baffa ma da zai fita ya ce in gaishe ka, ya ce ka yafe masa. Allah Ya tsare mu da 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabta, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wayata tana hannuna, ba zan ajiye ta ba sai na ji muryarka.

Ƙanwarka,
Suhaila, Ummu Tamim.